Maɗacin Gonarmu da Tsohon Kafintan Koriya

Tun da na dawo daga Koriya ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a teburin mai shayi na bakin kasuwar Bagwai sai a zagaye ni: wai da gaske ne da tsinke suke cin abinci, wai ƙanƙara ta zubo mini a ka, wai wace tsaraba na zo da ita. Nakan yi murmushi in ce sai wani lokaci, har abokaina suka fara cewa tun da na hau jirgi na yi girman kai. Ba girman kai ba ne. Labarin ne ba ya yi mini daɗi a baki, domin ƙarshensa a gidanmu yake, ba a can ba. To, ga shi na rubuta shi gaba ɗaya, kowa ya karanta ya bar ni in sha shayina.

Ni kafinta ne, irin na gado da wadrob da kujerun kushin na amare. Mahaifinmu kuwa masassaƙi ne. Daga ƙauyenmu har bakin dam ɗin Watari da wuya ka shiga gida ba ka tarar da turmi ko akushi ko 'yar kujerar tsakar gida da ta fito daga gizagonsa ba. Bai taɓa raina sana'ata a fili ba, sai dai duk lokacin da ya ji ina buga ƙusa yakan ce, "Sabi'u, yau ma faɗa kuke yi da itacen?" Yanzu gwiwoyinsa sun ƙi. Ba ya iya sujada, a zaune yake salla, a kan farar kujerar roba irin ta gidan biki, wadda ƙafarta ɗaya ta tsage aka ɗaure da waya. Mutumin da ya yi wa gari duka abin zama ke nan. Duk ranar da na gan shi a kanta a masallacin ƙofar gida sai in kau da kai.

A gonarmu ta gabas akwai wani maɗaci da kakanmu ya dasa. Baba ya sare itatuwa da yawa a rayuwarsa, amma wannan bai taɓa ɗora masa gatari ba. Masu gawayi da masu injin yanka katako sun cinye na maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, shi kaɗai ya rage, tun daga titi ake hango shi. Da aka sa sunana cikin masu sana'ar hannu da za a kai Koriya su ga aikin katako na gargajiyar can, sai na je na durƙusa gaban Baba. Yayana Ilu yana gefe yana gyara masa fartanya. Shi manomi ne, kuma shi yake ɗawainiya da tsohon safe da yamma.

Na ce, "Baba, an ce can suna haɗa kujera ba ƙusa ko ɗaya. In na koyo, ka ba ni maɗacin in yi maka kujerar salla."

Ya daɗe yana kallona. "Ba ƙusa?"

"Ba ƙusa, Baba."

"To, je ka koyo. In ka dawo, naka ne."

A farkon bazara na tashi. Yaya Ilu ne ya kai ni Bichi a babur ɗinsa, kuma kafin mu rabu ya cusa mini abu biyu a jaka: ƙunshin kilishi, da guntun reshen maɗacin, wai in nuna musu irin namu itacen kada su ɗauka mu ba mu da komai. Daga Bichi na shiga Kano, daga Kano na hau bas zuwa Abuja. Bayan mun wuce Kaduna bas ɗin ta shaƙe ta tsaya, muka sauka muna turawa, ni da sababbin kayana na zuwa ƙasar waje. A wajen turin nan na san abokin tafiyata, Rasaki, wani Bayarabe kafinta wanda ya tashi a Sabon Garin Kano, Hausa a bakinsa kamar ta ɗan Fagge. Yana turi yana cewa, "Malam, mu da za mu hau jirgi, ga shi mota ce ta hau mu."

Jirgin bai ba ni tsoro kamar yadda na zata ba, kunnuwana ne kawai suka toshe. Abin da ya wahalar da ni famfon filin jirgin Addis Ababa ne, inda muka sauya jirgi. Ba shi da abin murɗawa. In ka miƙa hannu ruwa ya zubo, kana janyewa don ka kai fuska ya ɗauke. Na yi alwala kamar mai roƙon ruwa a gidan marowaci.

Da muka sauka Koriya, a layin duba kaya, wani ɗan kare da aka sa wa riga ya zo ya shinshina jakata ya zauna. Na yi ta korarsa a hankali, ashe ma'aikaci ne. Wata jami'a ta buɗe jakar, ta ɗauke kilishin, ta ce dokarsu ba ta yarda a shigo da nama ba. Wannan na haƙura. Sai ta ɗago guntun reshen, ta nuna mini ɓawonsa, ta ce ƙwari kan ɓuya a ciki. Da ɗan Turancina na sakandare na yi mata bayanin kakanmu da Baba da kujera, ta saurara har ƙarshe, sannan ta riƙe reshen da hannu biyu, ta rusuna mini, ta saka shi a kwandon zubarwa. Ban taɓa ganin an raba mutum da abinsa cikin ladabi irin wannan ba. Rasaki ya yi ta dariya.

Wata bas ta ɗauke mu zuwa kudu, tana shiga cikin duwatsu ta fita ta ɗaya gefen. Sanyi ake yi, itatuwa duk sun zubar da ganye, amma ko'ina ka duba itace ne, ba kututture ko ɗaya. Rasaki ya leƙa taga ya ce, "In aka sako masu gawayinmu nan, kafin damina sun aske wurin." Na yi dariya, daga baya dariyar ta dame ni.

An sauke mu a gidan wani tsohon kafinta a wani ɗan ƙauye. Sunansa Han, mu kuwa Malam Han muke ce masa. Gajere ne, marar yawan magana, hannuwansa sun yi kanta irin ta Baba. Wata tsohuwar malamar makaranta, Madam Yun, ita take yi mana tafinta. Ɗakin da aka ba mu ba gado, sai 'yar katifa a ƙasa, amma daɓen da ɗumi, domin wuta ake hurawa ta ƙarƙashinsa. Nan take na tuna gadon ƙasa na kakarmu wanda ake zuba wa garwashi a ciki lokacin sanyi. Mu mun yar da namu mun sayi katifar soso, su kuwa sun riƙe nasu.

Abinci ya ba ni wuya. Za a jera maka ƙananan kwanuka cike da tebur, ka ce yau an yi biki, ka gama ka tashi da yunwa. Shinkafa ba gishiri ba mai, sai wani kabeji mai tsami da yaji wanda suke ci safe, rana da yamma. Tsinkayensu na ƙarfe ne, sulɓi gare su, wake guda ya taɓa tsere mini har cinyar Malam Han. Amma matarsa, da ta ji ba ma cin alade, sai ta je kasuwa ta sayo sabuwar tukunya don mu kaɗai, ta riƙa dafa mana kifi da ƙwai. Kuma ba mai ɗaukar cokali sai babba ya fara, ba a miƙa wa babba abu da hannu ɗaya. A wannan dai kamar a gida nake. Ranar da ta ba mu wasu busassun 'ya'yan itace masu zaƙi na ce wa Rasaki wannan ai kanya ce ta samu wurin ƙoshi.

A shagon Malam Han na duba ko'ina ban ga ƙusa ba, ban ga filawud ba. Ya ɗauko wani ɗan teburin cin abinci, ya ɗan bubbuga shi da gudumar katako, sai ga shi ya warwatse gunduwa-gunduwa. An fere bakin wannan, an huda cikin wancan, wasu bakunan an yanka su haƙora-haƙora suna shiga juna kamar yatsun hannu biyu in an sarƙe su. Ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana shiga da 'yar ƙara, ƙwas, ya ajiye teburin ya hau kansa ya tsaya. Ko motsi bai yi ba.

Akwai wani akwatin tufafi mai ƙofa biyu da na kasa daina kallo. A jikin ƙofofin akwai baƙin zane kamar duwatsu da rafi yana ratsa su, na dama daidai da na hagu. Na tambayi wane fenti ne. Madam Yun ta ce ba fenti, haka itacen ya zo da abinsa, an tsaga falanki ɗaya ne aka buɗe shi biyu. Akwai kuma tebur wanda aka bar gefensa a karkace yadda bishiyar ta girma. Ni da a ce a shagona ne, da tuni na daidaita shi da zarto na shafe shi da baƙin fenti mai ƙyalli. Malam Han ya ce itace ko an sare shi bai daina motsi ba, yana kumbura da damina yana tsukewa da rani, shi ya sa yake bar masa wurin motsawa a cikin haɗin. In ka danne shi da ƙusa, zai tsage ne ya nemi hanya. Na tuna tambayar Baba ta faɗa da itace, na sunkuyar da kai.

Haɗina na farko ya yi sako-sako. Na faki ido na cusa ɗan siririn katako a ramin don ya kama. Malam Han ya ɗaga, ya girgiza shi kusa da kunnensa, ya fita da shi ya jefa a murhun da ke ɗumama ɗakinmu. Rasaki ya ce, "Alhamdu lillahi, yau aikinka zai amfani bayanmu." Haka aka yi ta ƙona aikina har hannuna ya faɗa.

Wata rana da hantsi ya kai mu bayan gida, wata doguwar rumfa mai rufi, iska na shiga ta ko'ina amma rana ba ta taɓa cikinta. Falankai ne a jibge, an sa 'yan sanduna tsakanin kowane biyu, an liƙa wa bakunansu takarda, an danne saman da manyan duwatsu. Yana tafiya yana ƙwanƙwasa su da bayan yatsa yana saurare. Ya nuna wani jibgi ya ce mahaifinsa ne ya sare shi tun kafin shi ya yi aure, yanzu ne yake aiki da shi. Ya nuna wani ya ce wannan shi ya sare, amma ba shi zai taɓa shi ba. Daga baya Madam Yun ta faɗa mini a hankali cewa ɗansa guda ne, yana aikin ofis a birni, kuma ba ya son ko warin katako.

Na fito da waya na nuna masa hoton maɗacinmu, sannan na nuna masa Baba a kan farar kujerarsa. Na tambaye shi yaushe itace irin wannan zai bushe har a yi aiki da shi. Ya ce shekaru, ba watanni ba. Na ce ba wata dabara ta gaggawa? Ya karɓi wayar da hannu biyu, ya daɗe yana kallon Baba, sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa. Madam Yun ta fassara. "Ya ce ka yi haƙuri. Itacen bai san mahaifinka ya tsufa ba."

Ranar ban iya cin komai ba. Da la'asar, lokacin gida ana hantsi, na kira Yaya Ilu. Ya ce Baba ya yi zazzaɓi, ya warke, amma ya rame. Na faɗa masa abin da tsohon ya ce.

"Shekaru?"

"Shekaru, Yaya."

Sai ya ce, "To ai su ba su da rana. Ba kai ka ce sanyi ake yi ba?"

Na yi 'yar dariya na ce haka ne. Muka shiga maganar tumatirin bakin dam. Rumfa da inuwa da takarda da duwatsu duk ban ambace su ba, domin ban kawo wani zai taɓa bishiyar kafin in dawo ba.

Sauran makonnin na ƙare su a kan kujera guda ta gwaji, gajeruwa, mai hannuwa masu ƙarfi yadda tsoho zai dafa ya miƙe. Da yake Malam Han kusan tsawonsu ɗaya da Baba, shi ya riƙa zama a kai yana sa ni in gyara jinginar. Ranar da na buga haɗin ƙarshe ya girgiza ta kusa da kunnensa, ya ajiye ta a ƙasa maimakon ya nufi murhu da ita. Wannan shi ne yabon da na samu. Da za mu tafi, itatuwan ƙauyen sun yi fure fari fat. Ya ba ni wani tsohon cizal nasa na fere katako, ya sa Madam Yun ta maimaita mini: in jira damina ta wuce kafin in sare, in liƙe bakunan, in danne, kuma in ɓoye shi daga rana. Ya ce in gaishe da Baba, wai daga tsoho zuwa tsoho.

Na dawo ana tsakiyar zafi, hadari bai fara haɗuwa ba. Yaya Ilu ya tare ni a Bichi, fuskarsa cike da fara'a. A hanya ya ce, "Kafin mu shiga gida akwai abin da zan nuna maka." Da muka kusa kwanar ƙauyenmu na juya gabas kamar yadda na saba tun ina yaro. Sararin sama kawai na gani. Na ɗauka na ɓata kwanar ne, na sake dubawa.

Masussukar gonarmu ya kai ni. Ga maɗacin nan a shimfiɗe, an tsaga shi falanki-falanki, an baje a rana tsaf yadda ake shanya barkono. Ashe kwana kaɗan bayan wayarmu ya kira masu inji. Tun daga ranar, safe da yamma, shi kaɗai yake zuwa yana juya su don kowane gefe ya samu rana. Ya hana kowa faɗa wa Baba, wai sai na dawo mu ba shi mamaki.

Na durƙusa na dafa na farko. Ya tsage tun daga baki har tsakiya, yatsana yana shiga. Na biyu ya murɗe kamar fatar da aka shanya ba a kafe ta ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Jan itace mai kyau, irin wanda Malam Han zai cire hula ya gaisar, duk ya tashi daga aiki.

"Sun bushe ƙayau," in ji Yaya. "Tsagewar nan ai ka iya cike ta da gam, ko?"

Da ya ga fuskata sai fara'ar ta gudu. Ya zauna daɓas a ƙasa mai zafi.

"Sabi'u, kullum ni nake ɗaga Baba. Kullum yana ƙara rashin nauyi a hannuna. Na ce ranarmu ta wata guda ta fi tasu ta shekara."

Na so in yi faɗa, na rasa da wa zan yi. Duk abin da muka taɓa adanawa a gidanmu rana ce ta adana mana shi: gero, gyaɗa, kuɓewa, barkono, tubali. Wanda ya tashi a haka, in ka ce masa abu yana son bushewa, ina zai kai shi in ba rana ba? Na zauna kusa da shi, falankan suna ta 'yar ƙara a cikin zafin.

Abin da ya tsira shi ne wasu gajerun gumagumai masu nauyi da masu injin suka yi ƙyuyar tsagawa, suka bar su a ƙarƙashin tarin rassa da ganyen bishiyar. Muka ɗauko su a amalanke zuwa tsohon zauren da Baba yake sassaƙa a da. Na tsaga su da kaina, na shafe bakunan da kakin zuma, na jera da sanduna a tsakani, na danne da duwatsu. Za su isa kujera ɗaya tak, in hannuna bai yi kuskure ba.

Da muka faɗa wa Baba bai yi mamaki ba. Ya ce ranar ya ji ƙarar inji daga gabas, ya kuma ji faɗuwar, ya san babu wata bishiya a wajen da za ta faɗi da nauyi haka. Ya ɗauka ni na aiko. Bai kalli Yaya ba.

Bayan 'yan kwanaki, da la'asar sakaliya, ya ce a kai shi zauren. Yaya ya riƙo shi, ni na ɗauko farar kujerar. Bai zauna ba. Ya dafa jibgin, ya ƙwanƙwasa na sama da bayan yatsa, ya karkata kai yana saurare. Ban taɓa ba shi labarin Malam Han yana yin haka ba.

"Da saura," in ji shi.

"Da saura, Baba."

"Sosai ma."

Don in kau da maganar na zaro tef daga aljihu na ce ya zauna in auna tsawon ƙafarsa, in ajiye awon kafin lokacin. Ya ture tef ɗin da bayan hannu.

"Ilu, zo ka zauna nan."

Yaya ya tsaya yana kallonsa.

"Zauna mana. Sabi'u, shi za ka auna. Ka ƙara faɗi kaɗan, ya fi ni jiki."

"Baba, don Allah," in ji Yaya.

"Ciwon gwiwa gadon gidan nan ne, kai ma yana nan tafe. Kuma kai ka fi kowa wahala a kan itacen nan. Zauna."

Yaya Ilu ya zauna a kan farar kujerar, hawaye na bin gemunsa. Na durƙusa na auna shi. Sai da na maimaita awon. Da aka kira magariba, ni na ɗaukar wa Baba kujerar robarsa zuwa masallaci.